Firam ɗin da ya buɗe baki a hunturu: nazarin wani aiki a wani shago a Garwa

Shagon da aikin da aka kawo (Satumba 2023)

Shagon yana gefen unguwar Yelwa a Garwa, a arewacin Kamaru, ɗaki ɗaya da rumfar kwano a gaba. Mai shi ya haura shekara goma yana sa wa hotuna firam: na biki, na sauka, takardun shaidar makaranta, allunan ayoyi. Yana da yara biyu masu koyo. Kayan aikinsa zarto mai wuta na yankan kusurwa, sukwaya ta auna kusurwa, tef ɗin awo, farin gam, ƙananan kusoshi da abin yanka gilashi. Kafin wannan aiki, firam mafi girma da ya taɓa haɗawa santimita 120 ne da 80. Nakan zauna a rumfar da yamma, don haka yawancin abin da ke nan da idona na gan shi, sauran kuma daga bakinsa na ji.

Ranar 18 ga Satumba 2023 wani Alhaji ya zo da hoton masallacin Madina, bugun inji a kan ƙyalle mai kauri, a naɗe cikin bututu. Da aka shimfiɗa shi aka auna, abin da za a gani a fili santimita 240 ne a tsawo, 150 a tsaye. Alhajin ya ce yana son faffaɗan katako mai cika ido, kuma dole a sa gilashi saboda ƙura. Mai shagon ya karɓa, aka tsayar da mako uku.

Katakon da ake aiki da shi a Garwa ba a nan yake girma ba. Daga dazuzzukan kudancin Kamaru yake fitowa, wani a manyan motoci tun daga can, wani a jirgin ƙasa zuwa Ngaundare inda layin dogo ya ƙare, sannan a ɗora shi a mota ya yi kusan kilomita 280 zuwa Garwa a bakin kogin Binuwai. Mai shagon ya sayi ayus, farin katako mara nauyi mai daɗin yanka wanda masu firam suka fi so, daga lodin da bai daɗe da sauka ba. Damina ba ta gama janyewa ba a lokacin. Aka fere masa shi a faɗin santimita 10, kauri 3, da kwarmin baya inda gilashi zai zauna.

Yankan farko da haɗin farko (ƙarshen Satumba zuwa 7 ga Oktoba)

Ya yanka kamar yadda ya saba: ɗora sanda a zarto, karkata zuwa digiri 45, sauke. Sai dai sandar wannan karon santimita 260 ce, teburin zarton kuwa ko mita ɗaya bai kai ba. Yaro ɗaya ya riƙe wutsiyar a hannu. Da aka jera sandunan huɗu a ƙasan rumfa, kusurwa uku suka haɗu, ta huɗu ta bar gibi kusan milimita 5.

Lissafin wannan gibi mai sauƙi ne. Firam yana da kusurwa huɗu, yanka takwas. In zarto ya kauce da rubu'in digiri kawai, kaucewar takan taru sau takwas ta zama digiri 2, duk ta tare a kusurwar da aka haɗa a ƙarshe. A katako mai faɗin santimita 10, fuskar yankan kusurwa ta ɗan haura santimita 14, kuma digiri 2 a kan wannan tsawo shi ne kusan milimita 5. A siririn firam mai faɗin santimita 2, kuskuren nan milimita ɗaya ne, gam da kusa su shanye shi ba wanda ya sani. Shekara goma zarton yana haka.

Ya ɗaure firam ɗin da igiya ya murɗa da sanda har bakin ya matso, ya shafa gam, ya buga kusoshi uku a kowace kusurwa, ya cike ragowar da garin katako kwaɓe da gam. Fenti ya rufe komai, a fuska da gefe. Bayan katakon ya bar shi tsirara, tunda bango zai fuskanta.

Gilashin mai kaurin milimita 4 ne. Gilashi yana da nauyin kilo 2.5 a kowace murabba'in mita ga kowane milimita na kauri, don haka wannan fale ɗaya kilo 36 ne. Da filawud na baya da katakon kansa, duka ya kai wajen kilo 55. Aka ɗaura zobba biyu a sandunan gefe, aka ja waya tsakaninsu. Ranar 7 ga Oktoba mutum huɗu suka kai shi a amalanke, a kwance, kan hanya mai ramuka, aka rataye shi a kusoshi biyu a falon Alhaji. Ya yi kyau, Alhaji ya biya har da tukuici ga yara.

Abin da aka gani a Janairu 2024

Ranar 20 ga Janairu, hunturu ya kankama, Alhaji ya aiko ɗansa. Mai shagon ya je ya tarar da abubuwa uku. Kusurwoyin huɗu duk sun buɗe baki, kuma daga ciki suka buɗe, wajen hoton, milimita 2 zuwa 3, alhali tsinin waje yana haɗe. Sandar ƙasa ta sauka da milimita 6 a kusurwar hagu, kusoshin sun fara zarewa. Sandunan gefe kuma sun ɗan lanƙwaso ciki daidai inda zobban suke. Ƙura ta bi ta gibin ta kwanta a bayan gilashi.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Malam, jikokina a ƙarƙashinsa suke zama." Mai shagon ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, yau ɗin nan za mu sauke shi." Aka sauke shi a ranar.

Gyaran da aka gwada (22 zuwa 31 ga Janairu)

Tunanin mai shagon ya tafi kan zarto, saboda gibin milimita 5 ɗin nan bai bar zuciyarsa ba. Ya sayi sabon ruwan zarto, ya daidaita kusurwar da sukwaya, ya yi ƙaramin firam na gwaji da guntayen da suka rage, ya fito ba gibi ko kaɗan. Wannan ya ƙara masa yaƙinin cewa ya kama ɓarawon.

Ga babban firam ɗin kuwa, bai so ya kwance shi ba. Ya ƙanƙare tsohon cikon ya sa sabo. Ya samo ƙarafa masu siffar kusurwa ya ɗaura su a baya da sukuru, biyu a kowane hannu, ya ja da ƙarfi don bakin ya rufe. Bakin bai rufe ba. Da ya matsa na ciki sai tsinin waje ya fara buɗewa. A kusurwa ta uku ayus ɗin ya tsage bisa jijiya, domin katako ne mai laushi da ba ya riƙe sukuru kusa da baki. A ta huɗu tsinin sukuru ya ratsa cikin kwarmi ya taɓa gefen gilashi, tsaga ta tashi daga nan ta yi kusan kamu biyu. Gilashin kilo 36 ya tashi daga aiki. Allah ya tsare, hoton bai yage ba.

Zuwan dattijo (farkon Fabrairu)

A unguwar Hausare akwai wani tsohon kafinta da ya shekara arba'in yana yin ƙofofi da tagogi, yanzu ido ya rage, 'ya'yansa ke riƙe da shago. Mai firam ya je ya gaishe shi, ya roƙe shi ya zo ya duba. Dattijon bai kalli zarto ba. Ya ce a ba shi tef, ya sa yaro ya karanta masa faɗin sandar. Yaro ya ce 9.8.

"Nawa aka fere maka shi?"

"Goma cif, Baba."

"To ina biyun suka tafi? Iska ta sha su. Ka ga inda ya buɗe? Daga ciki, duka huɗun. In da zarto ne, tun ranar farko za ka gani, kuma ba zai jira hunturu ba."

Bayanin da ya yi masa shi ne kashin bayan wannan lamari. Katako yana shan danshin iska yana amayar da shi muddin yana nan, ko an fente shi. In ya bushe yakan tsuke a faɗi da kauri, amma a tsawo kusan ba ya motsi. Fuskar yankan kusurwa ta ratsa faɗi da tsawo duka biyu, to in faɗin ya ragu tsawon bai ragu ba, digiri 45 ta daina zama 45. Bakin ciki ya buɗe, tsini ya zauna. In katako ya kumbura da damina, sai abin ya juya: tsini ya buɗe, ciki ya matse. Raguwar milimita 2 a kowace sanda takan ba da gibin kusan milimita 3 a ciki, daidai abin da aka auna a falon Alhaji. Katakon ya taso daga daji mai laima, ya sauka da damina, aka yanka shi a makon, sannan aka ajiye shi ya fuskanci hunturun Garwa da ke fasa leɓe da dunduniya.

Sai dattijon ya ɗaga wayar da aka rataye da ita. Ya ce kilo 55 a kan waya ba ƙasa kaɗai yake ja ba, yana jan zobban biyu zuwa juna, shi ya lanƙwasa gefunan. Gilashin kuma a kan sandar ƙasa yake tsaye, sandar ƙasa ba abin da ya riƙe ta sai gam da kusoshi shida a kusurwoyi biyu. Gam ɗin ma bai kama ba, saboda bakin katako yana tsotse shi kamar rairayi ya sha ruwa, haɗin ya zauna da ƙishi.

Mai shagon ya koma wurin Alhaji ya ce zai sake aikin daga tushe, katako da ladan hannu a kansa, amma yana neman wata biyu. Ya kawo shawarar a bar hoton ba gilashi. Alhaji ya ƙi, saboda ƙura da hannun yara. Aka daidaita a kan robar nan mai kama da gilashi da ake kira fileksi, kowa ya biya rabi, aka yi odarta daga Duwala.

Jiran katako (12 ga Fabrairu zuwa 15 ga Maris)

Dattijon da kansa ya bi shi wurin masu katako. Yana duba bakin kowane falanki, yana zaɓar waɗanda layukan jijiyarsu suka tsaya a tsaye, yana ture waɗanda layukansu suka kwanta kamar baka, domin na farkon sun fi ƙarancin motsi a faɗi. Suka ɗauki ayus don fuska, da sapeli, jan katako mai nauyi da ƙarfi, don abin da zai zauna a baya.

Aka jera falankan a inuwa cikin shago, da 'yan sanduna tsakaninsu don iska ta ratsa, aka danne saman da bulo. Ba su da na'urar auna danshi, sai suka yanke guntu ɗaya suna kai shi sikelin wani mai shago kowace Juma'a bayan masallaci. Ranar 16 ga Fabrairu giram 1,240. Sai 1,185, sai 1,150, sai 1,135 ranar 8 ga Maris, sai 1,130 ranar 15. Da awo biyu suka kusan zama ɗaya, dattijon ya ce a fara. Abin da ya fita daga guntun nan giram 110 ne na ruwa, kuma irin wannan ruwa ne aka rufe da fenti aka kai falon mutum a Oktoba.

Wannan wata guda shi ya fi yi wa mai shagon wuya. Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, aikin Sallah ya fara shigowa, rabin ɗakin kuma katako ya cinye.

Yanka da haɗi na biyu (16 ga Maris zuwa 3 ga Afrilu)

An rage faɗin fuskar daga santimita 10 zuwa 7. Alhaji ya ɗan yi jim, amma ya yarda da aka nuna masa cewa gibi da faɗi tare suke girma.

Wajen yanka an canza abu uku. Aka kafa ƙafafun katako biyu daidai da tsayin teburin zarto, don sanda ta kwanta da kanta ba a hannun yaro ba, domin hannu in ya sauka da ɗan kaɗan yankan ya karkace a kauri, fuska ta haɗu baya ya buɗe. Aka haɗa sandunan da ke fuskantar juna baya da baya aka tabbatar tsawonsu ɗaya ne, don ko yanka ya yi daidai, bambancin milimita biyu a tsawo zai hana kusurwa zama. Na uku shi ne dabarar da ta fi burge ni. Dattijon ya sa aka kafa sanduna biyu a kan allo, suna haɗuwa a kusurwa mai digiri 90 cif, aka tabbatar da ita da awon 60, 80, 100: santimita 60 a hannu ɗaya, 80 a ɗayan, tsakaninsu dole ya ba da 100. Ruwan zarto yana ratsa tsakiyar kusurwar. Sanda ɗaya a yanka ta a dama, abokiyar haɗinta a hagu. Ko zarton ya ba wannan 44 da rabi, zai ba waccan 45 da rabi, su haɗu su cika 90. Kuskuren ya daina taruwa.

Aka shimfiɗa filawud biyu a ƙasa aka daidaita su da ma'aunin ruwa, don firam ɗin da aka haɗa a kan ƙasa mai tudu da kwari yakan fito a murɗe. Aka jera sandunan ba gam, aka ga kusurwa huɗu sun rufe.

Gam sai bayan sallar asuba. A Garwa zafin ƙarshen Maris yakan haura digiri 40 da rana, farin gam kuma yakan yi fata kafin ka zagaya kusurwa huɗu na abu mai wannan girma. Da farko aka shafa gam mai ruwa-ruwa a bakunan takwas aka bar shi 'yan mintuna ya toshe ƙofofin katakon, sannan aka shafa na sosai. Maimakon igiya, aka ari bel ɗin da direbobin manyan motoci ke ɗaure kaya da shi, aka zagaye firam ɗin, da guntun kwali a kowane tsini. Ana ja ana auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta. A fili mai 240 da 150, layin nan santimita 283 ne, kuma dole biyun su zo ɗaya. Awon farko ya ba da 283.6 da 282.4. Aka tura doguwar kusurwar da tafin hannu har bambancin ya koma milimita ɗaya. Ba a taɓa shi ba sai washegari.

Daga nan aka tsaga kowace kusurwa daga waje da zarto, tsaga biyu, aka cusa siraran yankan sapeli masu kaurin milimita 4 da gam, jijiyarsu tana ratsa haɗin. Da suka bushe aka fere su daidai da jiki. Babu kusa ko ɗaya a kusurwa.

A baya aka gina wani firam na sapeli, santimita 6 da 2.5, wanda kusurwoyinsa ba yankan 45 ba ne: an rage rabin kaurin kowace sanda aka ɗora su kan juna da gam da sukuru. Aka sa masa sanduna uku a tsaye. Filawud yana zuwa a 122 da 244, bai isa ya rufe bayan a fale ɗaya ba, sai aka yanka biyu aka sa mahaɗarsu ta faɗo kan sandar tsakiya. Sanda ɗaya ta sapeli ta gaza bayan an yanke bakinta da ya tsattsage, aka ƙara ta da haɗin gangare mai tsawon santimita 20, wato ninki takwas na kaurinta.

Fileksin mai milimita 4 kilo 17 ne, ƙasa da rabin gilashin. Amma tana miƙewa da zafi, wajen milimita 0.07 a kowace mita ga kowane digiri, wanda a wannan tsawo ya haura milimita 3 tsakanin sanyin Janairu da zafin Afrilu. Aka yanka ta da ragin milimita 5, aka zurfafa leɓen kwarmin don kada gefenta ya leƙo. Aka sa siririn katako tsakaninta da hoton don kada su manne. Fenti kuwa ko'ina ya shiga wannan karon, har baya da cikin kwarmi, shafi uku.

Ratayewa da abin da ya biyo baya (Afrilu 2024 zuwa Janairu 2025)

Duka ya zo wajen kilo 45. An kai shi ranar 6 ga Afrilu, kwana huɗu kafin Ƙaramar Sallah, a tsaye a bayan a-kori-kura, ɗaure tsakanin katifu biyu. Ba waya. An tsaga falankin sapeli mai mita 2 a tsawonsa da karkatar digiri 45, rabi aka ɗaure a sandunan firam ɗin baya, rabi a bangon bulo da dogayen sukuru shida, aka ɗora wannan kan wancan suka sarƙe.

Mai shagon ya koma sau uku. A Mayu ba abin da ya motsa. A ƙarshen Agusta, tsakiyar damina, tsinin kusurwoyi biyu na sama ya nuna layi kamar gashi, farce ba ya shiga. A Janairu 2025 layin ya rufe, bakin ciki bai buɗe ba, sandar ƙasa tana inda aka bar ta. Ƙorafi ɗaya aka samu: fileksi tana jan ƙura, kuma an goge ta da busasshen tsumma ta yi 'yan zane a gefen dama. Ya nuna wa mutanen gidan su riƙa amfani da laushin ƙyalle mai ɗan ruwa.

Hukuncina

Zarton yana da laifi, amma nasa ne mafi ƙanƙanta, kuma shi ya cinye kwana goma da gilashi guda domin shi ne laifin da mai shagon ya riga ya sani. Abu biyu suka kayar da firam na farko: ɗanyen katako, da ɗora kilo 55 a kan haɗin kusurwa. Na biyun ya fi haɗari. Gibin hunturu muni ne kawai a ido, saukar sandar ƙasa kuwa hanyar faɗowar gilashi ce a kan yara.

Abin lura shi ne nauyi bai ragu sosai ba, daga 55 zuwa 45 ne kawai, don sapelin ya mayar da rabin abin da fileksi ta rage. Hanyar da nauyin ke bi ce ta canza. A na farko daga gilashi yake sauka kan sandar ƙasa, ya bi ta kusurwa, ya hau gefe, ya shiga waya. A na biyu ayus ɗin ɗaure yake da sapeli a duk tsawonsa, nauyin ya wuce kai tsaye zuwa firam ɗin baya, daga nan zuwa bango, kusurwoyin fuska ba su ɗauke da komai sai kansu.

Inda nake ganin har yanzu da saura shi ne lokacin haɗi. An haɗa shi a Maris, lokacin da katako ya kai ƙarshen bushewarsa, shi ya sa Agusta ta buɗe tsinin. Dattijon ya faɗa tun a lokacin cewa da da hali, katakon da ya riga ya shekara a garin, a haɗa shi wajen Nuwamba, ya fi zama tsakiya. Sallah ce ba ta ba da wannan dama ba.

Mai shagon yanzu yana da falankan ayus takwas da na sapeli huɗu a saman rumfa, kowanne da ranar sayensa rubuce da alli a baki. Aikin baya-bayan nan da ya karɓa allon Ayatul Kursiyyu ne mai mita 2 na wata islamiyya a unguwar Rumde Ajiya, kuma ya ce musu sai Nuwamba.